Laminet a ɗakin Hajiya: a fasa tayil ko a shimfiɗa a kansa?

Abban_Khairat
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gini da waɗanda suka taɓa gwadawa a gidajensu.

Hajiyarmu ce ke fama da ciwon gwiwa, kuma duk shekara in hunturu ya kama sai ta yi ta kuka da sanyin tayil. Da asuba in ta sauko daga gado sai ta ce kamar ƙanƙara ta taka. Bara mun shimfiɗa mata kafet bango zuwa bango, bai yi wata uku ba ya tara ƙura har tari ya dame ta, dole muka naɗe shi. Yanzu wani abokin aikina ya ce in sa mata laminet, katakon nan da ake jerawa a ƙasa ana maƙala shi da juna ba ƙusa ba gam.

Ɗakin ƙafa 12 ne da ƙafa 14, a ƙasa yake ba bene ba, kuma da banɗaki a ciki. Gidan a Kano yake, ya kai shekara 10 da ginawa. Abin da nake son sani: sai an fasa tayil ɗin da ke ciki, ko za a iya shimfiɗawa a kansa? Kwali nawa zai ci? Kuma tsakani da Allah, zai jure zaman gida irin namu, ko asarar kuɗi zan yi?

Sadauki77
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kada ka soma. Na sa a falona, damina ɗaya ya gani. Bakin katakon duk ya kumbura ya tashi, tsakiyar falo ta yi tozo, in ka taka sai ka ji yana lotsawa. Kayan ƙasar sanyi ne, inda ba a wanke ɗaki da bokiti. Ka saya wa Hajiya silifas mai taushi da darduma mai kauri, ka huta.

MamanIlham
Haba Malam Sadauki, ba kowa ne ya ga abin da ka gani ba. Ni shekara 4 ke nan yana ɗakina a Kaduna, kuma kowa ya san ruwan Kaduna ya fi na Kano. Har yau ko guda bai tashi ba. Sharaɗi ɗaya na kafa wa yara da mai taya ni aiki: ba a zuba ruwa a ƙasa. A share, a matse tsumma sosai har ya daina ɗiga, a goge. In shayi ya zube a goge nan take. Maganar sanyi kuwa gaskiya ne, bambancinsa da tayil a lokacin hunturu kamar dare da rana. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Injiniya_Gwammaja
Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Kafin a yi gardama bari in faɗi abin da ke cikin katakon, don daga nan amsar kowa za ta fito.

Laminet ba katako ba ne irin wanda ake tsagowa daga itace. Hawa huɗu ne aka matse wuri ɗaya. Can ƙasa akwai takarda mai ƙarfi da ke hana shi lanƙwashewa. Tsakiya, wadda ta fi kauri, garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka danne da zafi, ita ake kira HDF. A kanta hoton katako ne aka buga a takarda. Sai fatar sama ta melamin, wata irin roba mai tauri, wadda aka ƙarfafa don ta jure takawa da gogayya. Fatar saman ba ta shan ruwa. Tsakiyar ce ke sha, kuma in ta sha ta kumbura ba ta komawa yadda take, ko ta bushe. Ruwan kuma ta hanya biyu yake kai mata: ta sama in ya kwanta a kan haɗi, ko ta ƙasa in siminti na fitar da danshi.

Tambayarka ta farko, ba sai ka fasa tayil ba. Tsohon tayil da ya zauna daram ya fi sabon siminti zama ƙasa mai kyau ga laminet. Amma sai ka duba abu uku. Ka bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukuddireba, duk wanda ya yi ƙarar ganga ya saki, a cire shi a cike gurbin. Sannan ka ari doguwar sandar alminiyam da magina ke daidaita plasta da ita, ka kwantar a ƙasa ta ko'ina. In akwai inda rami ya wuce milimita 2 zuwa 3 a tsawon mita ɗaya, sai an cike, in ba haka ba haƙoran haɗin za su yi ta lanƙwasa har su karye. Na uku ƙofa. Katakon da soson da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa za su ɗaga ƙasar ɗakin da kusan milimita 11, ka auna ka ga ko ƙofar za ta buɗe.

Malam Sadauki, don Allah gaya mana, a kan me aka shimfiɗa naka, kuma an sa leda a ƙasa?

Sadauki77
Sabon gini ne. An zuba simintin ƙasa, bayan kamar sati uku aka shimfiɗa, cikin watan Yuni, don biki ya matso 'yan jere suna jira. Soso fari siriri kawai suka sa, ban ga wata leda ba. Kuma har jikin bango suka kai shi, suka ce ya fi kyau kada a ga rata.

Injiniya_Gwammaja
To ka ga inda aka cuce ka, kuma ba laifinka ba ne, laifin masu aikin ne. Simintin ƙasa mai kaurin santimita 4 ko 5 yana bukatar fiye da wata ɗaya kafin ya bushe, balle da damina. Samansa zai yi fari ka ɗauka ya bushe, alhali cikinsa na nan da ruwa. Suka rufe shi ba leda, katakon ya yi ta sha daga ƙasa. Da ya sha ya buɗe, ga bango ya tare shi ta kowane gefe, ina zai nufa in ba sama ba? Tozon da ka gani ke nan.

Bakatsine_a_Jamus
Wannan sana'ar nake yi a nan shekara 9, kuma abin da Injiniya ya faɗa haka yake. A nan ba ma shimfiɗawa a kan sabon siminti sai an fasa ɗan gutsure an auna danshinsa da na'ura. In ya wuce kashi 2 cikin ɗari a awon da ake kira CM, maigidanmu ba zai yarda mu fara ba ko mai gida ya yi fushi. A gida da wuya ka samu na'urar, amma ga dabara: ka yanki leda mai kauri kamar mita ɗaya, ka manne ta a ƙasa da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko ƙasar ta yi duhu, akwai danshi. Abban Khairat, ko da tayil ne ka gwada wannan, musamman gefen bangon banɗaki, tunda ɗakin a ƙasa yake kuma ba mu san ko an sa leda ƙarƙashin jaman, wato simintin da ake zuba wa ƙasan gida, lokacin gini ba.

Ledar da ake shimfiɗawa kaurinta milimita 0.2 ne, ba irin ta ƙulla kaya ba. In za a haɗa biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya da santimita 20, a manne, a ɗan hau da ita bango. Sannan soso, sannan katako. Tsakanin katako da bango a bar milimita 8 zuwa 10 ta ko'ina, har jikin bakin ƙofa. Sikatin, wato siririn katakon da ake bi da gindin bango, shi ne zai rufe ratar, kuma a bango ake kafa shi, ba a jikin katakon ba.

Dan_Kofar_Ruwa
Alhaji ga lissafin kwali. Ƙafa 12 da 14 ya kama mita 3.66 da 4.27, wato murabba'in mita 15.6. Irin mai milimita 8 da ya fi yawa a kasuwa, guda 8 ne a kwali, kwalin na rufe mita 2.13. Kwali 8 ya ishe ka. Farashi ba zan rubuta a nan ba don yau daban gobe daban, dala yake bi.

Kafinta_Panteka
Oga na Ƙofar Ruwa, ka manta yanka. Ana ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda guntaye da wanda zai lalace a hannu. 15.6 ya koma 17.2, in ka raba da 2.13 ya ɗan haura 8. Ya sayi 9. Abin da ya rage ya ajiye a kan sif, a kwance, ba a tsaye ba. Ranar da guda ya lalace bayan shekara biyu, wallahi ba zai samu irin launin a kasuwa ba. Na sha zagaye Kaduna da gutsuren katako a aljihu ina nema wa mutane.

Dan_Kofar_Ruwa
Na karɓi gyara. 9 ɗin. Kuma ya duba lambar da ke jikin kwalayen ta zo ɗaya, don ko suna ɗaya ne, in ba fitowa ɗaya ba ne launi kan ɗan saɓa.

Anti_Bilki
Duk kuna ta maganar siminti da milimita, ba wanda ya tambayi yadda Hajiya ke zama a ɗakinta. Abban Khairat, a ina take alwala? Tsofaffinmu da yawa, musamman masu ciwon ƙafa, a bakin gado ake kawo musu buta da roba. Ko a banɗaki take yi, sau biyar a rana za ta fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa ta taka wuri ɗaya, ban da na dare. Wannan wurin shi zai fara mutuwa. Sai turaren wuta. Wace Hajiya ce a Kano ba ta ajiye kasko a tsakar ɗaki? Garwashi ɗaya ya faɗo ya zauna, ya bar tabo baƙi, kuma ba a kankare laminet a sake masa fenti kamar katakon gaske.

Abban_Khairat
Anti Bilki kamar kin shiga ɗakin. A banɗaki take yi da rana, amma da asuba ƙanwata ke kai mata ruwan ɗumi bakin gado. Kasko kuwa kullum bayan magariba. Ni ban ma kawo wannan a raina ba. Na gode ƙwarai.

MamanIlham
Kasko ba matsala ba ne in an yi masa wuri. Ni faffaɗan farantin ƙarfe na samu, na ɗora shi kan ragowar tayil guda, nan kaskon ke zama. Alwalar bakin gado ce abin dubawa. Sai dai a samu babbar roba mai faɗi da tabarmar roba a ƙarƙashi, kuma wanda ya kawo ruwan shi zai goge kafin ya fita. Amma kada a bar jiƙaƙƙiyar tabarma kwance a wurin, wannan ya fi zubar ruwan illa.

Hajjo_Zinder
Sannunku. Mu nan Damagaram karo muke ce wa tayil. Ruwa bai dame mu ba kamar ku, rairayi ne abokin gabarmu. Na ƙanwata ya yi shekara biyu, bai kumbura ba, amma daga bakin ƙofa zuwa gado ya dushe, ya yi hanya kamar turbar awaki, saboda yashin da ƙafa ke kwasowa yana goge shi kullum. Ku sa abin goge ƙafa a waje da ciki, a riƙa shara da tsintsiya mai laushi. Kuma da iskar hunturu ta yi ƙarfi mun ga kawunan katakon sun ɗan rabu, har ƙura na shiga. Da damina ta zo suka koma suka haɗe.

Bakatsine_a_Jamus
Hajjo, wannan da kika gani numfashin katako ne. Masu yin sa suna son danshin iskar ɗaki ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 60. Mu kuwa da hunturu yakan sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ya haura 70. Don haka motsinsa a ƙasarmu ya fi na nan Turai. Wanda zai shimfiɗa da hunturu ya sani katakon a tsuke yake, zai buɗe nan gaba, kada ya rage ratar bango ko kaɗan, gara ma ya cika milimita 10. Kuma a shigo da kwalayen ɗakin a kwantar da su awa 48 kafin a buɗe. Ba a ɗauko shi daga bayan a-kori-kura da ya sha rana a fara aiki nan take.

Dushewar kuma maganar daraja ce. A jikin kwali za ka ga AC3, AC4 ko AC5, ko lamba 31, 32, 33. Iya girman lambar iya jurewar fatar saman. Inda yashi yake, ni ba zan sa wa uwata ƙasa da AC4 ba. Kauri daban, daraja daban: akwai mai milimita 12 da fatarsa ba ta kai ta wani mai 8 ba.

Malam_Tudun_Wada
Ina karanta ku ina tuna ɗakin kakata. Daɓe ne, na tsakuwa da jar ƙasa. Mata su taru da madaɓi suna bugu suna waƙa tun hantsi har la'asar, a yi ta yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasar ta yi santsi tana ƙyalli. Ba sanyi da hunturu, ba zafi da bazara, kuma ban taɓa jin tsohuwa ta zame a kansa ba. Muka bar shi muka koma siminti, muka rufe siminti da leda, muka cire leda muka sa tayil, yanzu muna neman abin da zai rufe tayil. Ba cewa nake a koma daɓe a gidan bulo ba, na san ba zai yiwu ba. Abin ne ya taɓa ni. Allah ya yi maka albarka Abban Khairat da kake neman wa mahaifiyarka sauƙi.

Abban_Khairat
Amin Malam, na gode. Hajiya ma takan ba mu labarin daɓen ɗakinta na aure.

Garba_Kumasi
Ni tambayata gara. A nan Kumasi danshi ba ya ƙarewa, kuma na ga gidan da aka ɗaga laminet aka tarar ƙasansa ya yi baƙi da fumfuna, ga hanyoyin gara. Ba ta cin sa ne a wurinku?

Kafinta_Panteka
Tana ci Malam Garba. Garin katako ne, in ta samu hanya da danshi za ta shiga, kuma ba ka ganin ta sai ta gama aiki don daga ƙasa take. Duk ɗakin da aka taɓa ganin gara a jikin ƙofa ko sif, a yi feshi a toshe tsagar da take fitowa kafin a shimfiɗa komai.

Tunda na shigo, bari in faɗi abin da nake gani a wurin yaran da ke karɓar aikin nan ba su koya ba. Na farko, buga ƙusa ko zuba gam a ƙasa wai don kada ya motsa. Shi kuwa an yi shi ne ya zauna sake, duk ɗakin kamar tabarma ɗaya. Na biyu, dukan bakin katako da guduma kai tsaye, haƙorin ya farfashe, bayan wata biyu haɗin ya buɗe. Ana sa ɗan guntu ne a tsakani a buga a hankali. Na uku, jera kawunan a layi ɗaya. Dole kan wannan layi ya goce wa na kusa da shi da aƙalla santimita 30, kamar yadda magini ke goce bulo. Sannan a auna faɗin ɗaki tun farko, kada a zo layin ƙarshe a tarar saura siririn da bai kai santimita 5 ba. In haka lissafi ya nuna, a rage layin farko.

Alhaji, ranar aikin ka tsaya a kansu. Ɗaki irin wannan mutum biyu za su gama a yini ɗaya, ba wani abu ne da zai hana ka zama ba.

UmmuAbdallah_Leeds
Ni da maigida muka shimfiɗa namu da kanmu a ɗakuna biyu, Asabar da Lahadi. In ƙasa ta daidaita ba shi da wuya, ka karkata shi ka zura, ka kwantar, ka ji ya ce ƙas. Wahalar duk a bakin ƙofa take da wurin bututu. Amma gaskiya abin da zan ce wa ɗan'uwa, don me ba za ka duba SPC ba? A ido kamar laminet yake, haɗinsa ma iri ɗaya, sai dai cikinsa garin dutse ne da roba, ruwa ba ya kumbura shi. Shi muka sa a kicin. Da alwalar da Anti Bilki ta ambata, ni shi zan zaɓa.

Injiniya_Gwammaja
Shawara ce mai kyau Ummu Abdallah, amma a faɗi ɗayan gefen. SPC siriri ne, yawanci milimita 4 zuwa 6, don haka ya fi laminet neman ƙasa mai daidai, kuma in ramukan da ke tsakanin tayil suna da faɗi gara a cike su tukuna. Ba ya son rana mai zafi ta riƙa dukansa ta taga. Kuma dalilin wannan aiki gaba ɗaya sanyi ne. SPC ya fi tayil ɗumi, amma a ƙafata bai kai laminet mai soso ba, don akwai dutse a cikinsa. Ribarsa a nan biyu ce: ruwa, da kuma ƙofa, tunda ba zai ɗaga ƙasa sosai ba.

Sadauki77
Kun ga dai maganata ta fito. Abin da sai an yi masa leda, an auna iska, an hana alwala, an hana turare, an tsaya kan ma'aikata, wannan kayan gidanmu ne? Na yarda an yi min aikin banza, amma mutum nawa ne za su samu irin su Kafinta? Yawancinmu irin masu aikina za mu samu.

MamanIlham
Ba wanda ya ce a hana alwala, Malam Sadauki, a gyara maganar. Cewa aka yi a goge ruwa. Tayil ɗin ma in mugun ma'aikaci ya sa maka, ba tashi yake yi yana fashewa ba?

Nas_Hadiza
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna a zancen nan faɗuwa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta ɗaga ƙafa sosai, jan ta take yi. Duk wani ɗan tudu a bakin ƙofa, ko na santimita ɗaya ne, zai iya kayar da ita, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne. In za a sa, ƙarfen bakin ƙofa ya zama mai gangare, ba mai kaifi ba. A zaɓi katako mai ɗan kaushi a sama, a guji mai ƙyalli kamar madubi, don da safa ko jiƙaƙƙiyar ƙafa santsinsa bai da bambanci da tayil. Dardumar salla ma tana zamewa a kansa, a sa mata shimfiɗar roba a ƙasa. Kuma don Allah a kafa mata ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, wannan ya fi komai gaggawa.

Kafinta_Panteka
Game da bakin banɗaki, abin da nake yi wa mutane shi ne in bar tayil kamar mita ɗaya a gaban ƙofar, laminet ya fara daga nan. Jiƙaƙƙiyar ƙafa ta sauka kan tayil da abin goge ƙafa tukuna.

Nas_Hadiza
Malam Kafinta, ka ga kuwa nan ne ka kawo tudun tsakiyar hanyarta, inda za ta bi da dare ba fitila. Ga katako ya tsira, ga Hajiya cikin haɗari. Ni ban yarda da wannan ba.

Kafinta_Panteka
Gaskiyarki Hajiya Nas, ga mai ƙarfi na saba yi wa. To sai dai a fasa tayil ɗin ɓangaren da za a sa katako don su zo daidai, wannan kuma ya dawo da mu tambayar farko, ga ƙura ga kuɗi.

Bakatsine_a_Jamus
Akwai hanya ta uku. A kai shi har bakin banɗaki, a cusa siririn soso a ratar, a bi da silikon mai laushi wanda ba ya ƙanƙarewa, ruwa ba zai gangara ƙasa ba kuma katakon zai iya motsi. Sannan akwai laminet da aka shafe haɗinsa da maganin ruwa, za ka ga an rubuta awa nawa yake jure ruwa a kansa. Jure zuba ne, ba jure ambaliya ba. In famfo ya fashe da dare, ko wane iri ne sai an ɗaga.

Dalibi_BUK
Ina ƙaruwa sosai. Ƙarin bayani kaɗan: wani kamfanin Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro laminet a 1977, ya sayar da shi da sunan Pergo. Da farko da gam ake haɗawa, sai a shekarun 1990 aka fito da mai maƙalawa, irin Uniclic na kamfanin Unilin na Beljiyam. Abin da nake so in ja hankali a kai shi ne gam ɗin da ke cikin HDF yana fitar da sinadarin fomaldihaid. A 2015 an yi babbar badaƙala a Amurka kan laminet ɗin da kamfanin Lumber Liquidators ya shigo da shi daga Chaina, aka gano yana fitar da fiye da ƙima. Tunda an ce Hajiya na da tari, a nemi mai alamar E1 a jikin kwali, wadda ke nuna sinadarin da yake fitarwa kaɗan ne.

Dan_Kofar_Ruwa
Ɗalibi ya yi gaskiya, amma kada a ɗauka duk na Chaina ne marar kyau, ko duk wanda aka ce na Jamus ne na Jamus ne. Akwai na Turkiyya masu kyau a kasuwa. Alhaji, ka sa a buɗe kwali a gabanka. Ka juya bayan katakon ka ga ko da hatimin kamfani, ka shinshina, in wari ya bugi hancinka har ido na yaji ka bar shi. Ka haɗa guda biyu ka ja, ka ga ko suna riƙe juna. In mai kaya ya yarda, karɓi guntu ka jefa a kofin ruwa ya kwana, da safe za ka san abin da kake saya.

Anti_Bilki
Sif ɗin Hajiya fa? Na san irin sif ɗin iyayenmu, cike da kwalla da tangaran da atamfofi, mutum huɗu ba sa ɗaga shi.

Injiniya_Gwammaja
In na tsaye ne da kansa, zai iya hawa kai, a dai sa masa ɗan abu mai laushi a ƙafafu kuma a ɗaga shi, kada a ja. In wanda aka kafe a bango da ƙasa ne, a zagaye shi a bar masa rata kamar bango. Abin gudu shi ne kaya masu nauyi sosai a bango biyu masu fuskantar juna, su danne katakon ya rasa inda zai motsa.

Abban_Khairat
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Ga inda nake. Jiya na bi tayil ɗin da ƙwanƙwasa, guda 6 ne suka yi ƙarar ganga, 4 daga ciki a jikin bangon banɗaki. Na manna leda a wuri biyu kamar yadda Bakatsine ya ce, gobe da yamma zan ɗaga. Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce, na zura kwali a ƙarƙashinta na auna, ratar ba ta wuce milimita 7 ba, ke nan laminet mai 8 da soso ba zai shiga ba sai mai walda ya taɓa ta. Ƙarfen riƙewa na banɗaki na riga na ba da a yi, Nas Hadiza na gode.

Na gaya wa Hajiya duk abin da aka tattauna. Ta ce ita dai kada a fasa mata ɗaki a tashe ta sati guda, kuma kaskonta na nan inda yake.

Bakatsine_a_Jamus
Waɗannan 4 na jikin bangon banɗaki su suka tsaya min a rai. Tayil ba ya saki a layi ɗaya haka kawai. Kafin ka sayi ko kwali ɗaya, na laminet ne ko SPC, ka kira mai famfo ya duba bututun da ke cikin bangon nan. In ka cire tayil ɗin ka taɓa simintin da ke ƙasa da hannu, ka ɗauko mana hoto.

Sadauki77
Ni ma ina jiran hoton. Kuma Kafinta, in ana iya ceto wanda bai kumbura ba a nawa a mayar da shi ƙaramin ɗaki, ka yi min magana. Kusan rabi na nan lafiya, na jingine su a sito.

Kafinta_Panteka
Ana iyawa in haƙoran ba su karye ba. Amma yau ɗin nan ka je ka kwantar da su a ƙasa mai daidai, ka ɗora su kan juna. In suka daɗe a jingine za su lanƙwashe. Guda nawa ne, kuma ɗakin ƙafa nawa?